Ba sammu ba ne, a bakin titi ya ɗaga waya

Wai sammu aka yi masa. Tun jiya ake ta juya muryar wani yaronmu na Makka da wata shirka, wato kamfani, ta kira daga Riyad kan neman aiki ya kasa haɗa jimla biyu, har wata Hajiya tana cewa a nemo masa rubutu da hayaƙi don baki ya kama shi tun da ya gama jami'a. To Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma wane irin sammu ne wannan mai ilimi, da ba ya tashi aiki sai ya ga lamba mai 011, ta Riyad, ta shigo?

A Shara Mansur, titin nan na Makka, fa kiran ya same shi, bayan la'asar, leda a hannu ɗaya waya a ɗaya, motoci na ta danna ham, mai talla na ihu a bayan kunnensa, aka ce masa arrifna an nafsak, wato gabatar mana da kanka, shi kuma ya hau e'e, to, ya'ani. Ko farfesa ne a wurin nan sai bakinsa ya harɗe.

Ba a amsa mukabala, wato ganawar ɗaukar aiki, a inda kira ya riske ka. Ka gaishe su da kyau, ka ce mumkin ba'ad ashar daƙayiƙ, wato ko zai yiwu bayan minti goma? Shikenan. Minti goman nan ka samu ɗaki ko ka shiga mota ka ɗaga gilas, ka kurɓi ruwa, ka ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali har ƙirjin ya daina bugawa kamar ana luguden daka. Sannan ka ɗauko takardarka, tunda a waya babu mai ganinka: mihna, wato sana'ar da ke jikin igama (takardar zama), ranar da za ta ƙare, ko za a iya naƙal kafala, wato sauya kafili (mai ɗaukar nauyinka), albashin da kake so da lambarsa, ba “duk abin da kuka bayar” ba. Tun Maris 2021 ma'aikacin shirka da ya cika shekara zai iya sauya wuri ta Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya, ba sai kafili ya yarda ba, ban da masu aikin gida, amma yaranmu da yawa in an tambaye su sai su ce bari in tambayi baba.

Na san za a ce ai kana cewa minti goma sun kira na gaba. Su kira mana. Wanda ba zai jira ka minti goma ba, kana ganin zai biya ka albashi a kan lokaci? Masu cewa tawakkali kuma, wa ya hana? Karanta addu'ar Annabi Musa ta cikin Ɗaha, wahlul uƙdatan min lisani, ni ma ina karantawa, amma ka karanta ta a ɗaki, ba a tsakiyar kasuwa ba.

Kuma wallahi ban ga abin dariya ba. Tun da Niɗaƙat, tsarin fifita 'yan ƙasar Saudiyya a aiki, ta shigo a 2011 ƙofofi ke ta rufewa ga ajnabi, wato baƙo, har da wanda aka haifa a unguwar Jarwal ta Makka bai taɓa taka Kano ba, ga kuɗin murafiƙai, wato iyalan da ke ƙarƙashin igamar mutum, riyal 400 kowane kai duk wata. Yaron da ya san uwarsa da ƙannensa duk shi suke kallo, dole muryarsa ta yi rawa. Ku koya masa ya nemi minti goma, ku daina tura muryarsa kuna kwaikwayo.

Af, masu sa lambar kawu a CV kuma ku ji tsoron Allah. Shirka ta kira da ƙarfe tara na safe, kawu ya tashi daga barci ya ce waye, me kake so, ya kashe, da yamma ya ce maka wasu 'yan damfara sun kira.