Addu'ar da ake yi don kunnen jama'a

'Yan'uwa cikin Almasihu da ke sujada da Hausa a nan Legas, daga Agege zuwa Mile 12 har Obalende, akwai abin da ya kamata mu faɗa wa juna. Addu'armu ta yi tsawo, ta yi ƙara, amma sau da yawa jama'ar da ke kan benci muke yi wa magana, ba Allah ba.

Ku lura ranar Lahadi idan an ce wani dattijo ya buɗe sujada da addu'a. Abin da minti biyu ya ishe shi sai ya kai goma sha biyar. Murya ta canza, a maimaita wa'azin makon jiya, sannan a saka habaici: "Ya Ubangiji, ka taɓa zuciyar waɗanda ba sa fitar da zakka." Kowa ya san da wa ake. A Zumuntar Mata ma haka, da sunan roƙon addu'a sai a tona asirin gidan wata, har da abin da ke tsakaninta da maigidanta. In za ki kawo damuwar 'yar'uwa, nemi izininta tukuna, ki faɗi bukatar kawai, ki bar labarin.

Bafarisiyen nan, mai tsananin bin dokokin addinin Yahudawa, na misalin Yesu a Luka 18:9-14 bai yi ƙarya ba, wannan ne abin tsoron. Yana azumi sau biyu a mako, yana fitar da zakkar duk abin da ya samu. Inda ya faɗi shi ne ya shiga Haikali yana lissafa wa Allah aikinsa, yana auna kansa da wani mai karɓar haraji da ke tsaye can nesa. Mai karɓar harajin ko ido bai ɗaga sama ba, ya bugi ƙirji ya roƙi jinƙai da jimla guda, kuma shi ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a wurin Allah. Mu da muke ƙirga kwanakin azuminmu a watan Janairu muna sanarwa a WhatsApp, mu sake karanta wurin nan a hankali.

Yakubu 4:3 ya faɗi dalilin rashin samun amsa: ana roƙo da mugun nufi, don a kashe kan sha'awa. Roƙon aiki ko kuɗin haya ba laifi ba ne, wanda ya san tsadar ɗaki a garin nan ba zai raina wannan bukata ba. Amma kafin ka durƙusa, tambayi kanka abu biyu. In Allah ya amsa kuma babu wanda zai sani, har yanzu kana so? In ya ba maƙwabcinka kafin kai, za ka iya yin godiya? Idan abin da ke ranka shi ne ka je gida lokacin Kirsimeti mutanen ƙauye su gani, to ka fara da tuba a kan wannan.

Sai batun gaba da juna. Matiyu 5:23-24 ya ce a ajiye baiko a gaban bagade, a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Kwana ana kiran wuta a kan maƙiyi ba ya maye gurbin kiran waya guda na neman gafara.

Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa, ba ta cika minti ɗaya ba, kuma ku dubi jerinta: sunan Allah, mulkinsa, nufinsa, kafin a zo kan abincin yini, gafara da tsari. Mu kan juya ta, mu fara da cikinmu.

Za a ce Matiyu 6:6 ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa, alhali mutum biyar ke kwana a ɗaki ɗaya. Amma Hannatu, mahaifiyar Sama'ila, da take addu'a leɓunanta kawai suka motsa, ba a ji muryarta ba (1 Sama'ila 1:13). Tashi minti goma sha biyar kafin yara, kife waya, ka ambaci laifin jiya da sunansa maimakon "dukan zunubaina", ka yi shiru kaɗan, sannan ka kawo roƙo. Ranar da ka makara, kujerar danfo cikin cunkoson Oshodi ma ta isa.