Robar da ba ta kai ɗan yatsa ba, an ce sai na sayi fitila sukutum

Na sha wulaƙanci iri-iri a kan motar nan, a gareji, a gidan mai, a bakin titi, duk na haɗiye. Na ranar Asabar ɗin nan ne ya tsaya min a wuya ya ƙi wucewa. Duk wanda yake lallaɓa tsohuwar mota da albashin wata a ƙasar nan ba sai na yi masa dogon bayani ba, ya san irin zafin da nake faɗa.

Fitilar gaba ta ɓangaren direba ce ta samu matsala. Ƙwan lafiyarsa ƙalau, murfin bai fashe ba, waya ba ta ƙone ba. A cikin fitila akwai kwanon nan mai ƙyalli da ke tattara haske ya jefa shi kan titi. Dogayen notina biyu ne ke riƙe da shi ta baya, ɗaya na ɗaga haske sama ko ya sauke shi ƙasa, ɗaya na karkata shi dama ko hagu, kuma kan kowane noti yana zaune ne cikin wata 'yar roba. Zafin ƙwan da zafin inji su yi ta busar da robar shekara da shekaru, ramin titi ya zo ya ƙarasa ta. Tawa ta karye ne wani dare da na faɗa rami ina komawa gida. Tun daga nan kwanon yake lilo. Hasken ya zube a gindin bamba, in na taka gargada ya yi tsalle ya shiga idon mai tahowa, ya bi ni da hon da zagi, kuma da gaskiyarsa.

Ɗan rewayana, mutumin kirki ne, ya buɗe marfin baya ya haska min da tocilar wayarsa. Ya ce, "Malam, ga ta nan, robar ce kawai. In ka samo min ita zan gasa bakin fitilar gam ɗin ya saki, in cire murfin, in saka ta, in mayar, da magariba mu je jikin bango in saita maka. Ko ta jikin fasasshiyar fitila ce ta yi."

Da wannan na shiga kasuwar kayan mota, guntun robar a ƙulle cikin leda. Aka yi ta tura ni gaba har na isa wani shago da fitilu ke rataye tun daga ƙasa har rufi. A bakin ƙofa ga tarin fasassu an jibge, na motocin da suka yi haɗari, kuma a saman tarin na ga irin tawa sak da idona, murfinta ya tarwatse amma bayanta lafiya lau.

Yaron shagon yana kishingiɗe a benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana latsa waya. A haife na haife shi. Na yi sallama. Shiru. Na sake yi. Ya ɗaga gira, bai ɗaga kai ba.

"Me ake so?"

Na ce, "Samari, sannu da kasuwa. Wata 'yar roba nake nema ta cikin fitila, ga samfurinta."

Ya miƙo hannun hagu. Hagu fa! Ya karɓi ledar da yatsu biyu, ya jujjuya ta, ya cilla ta ƙarshen benci.

"Baba, nan ba bola ba ce. Fitila muke sayarwa."

Na sunkuya na ɗauki kayana. Na danne zuciyata na ce, "To fitilar nawa?"

"Beljiyam 95,000. 'Yar Cana 48,000, kuma in ka fita da ita ta zama taka, ba a dawowa da kaya."

Na ce masa fitilata ba abin da ya same ta, robar nan ce kaɗai. Na nuna masa fasasshiyar da ke kan tari, na ce ya ciro min ta jikinta ya faɗi kuɗinsa, ko kuwa ya sallama min ita gaba ɗaya a kuɗin fasasshiya. Sai a lokacin ya ajiye wayar. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya daɗe a kan takalmin.

"Waccan? Waccan ai kuɗi ce. Gobe za a sa mata murfi ta koma sama." Ya nuna waɗanda ke rataye da haɓarsa.

Ku ji fa, jama'a. A gabana, ba kunya ba tsoron Allah, yake faɗa min cewa abin da ya kira Beljiyam ɗin nan fitilar haɗari ce aka liƙa wa sabon murfi aka goge. Na ce, "Ashe ke nan wadda za ka ba ni a 95,000 ma haɗi ce." Sai ya tashi zaune, ya tafa hannu, ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira: "Kai, zo ka ji, yau Baba zai koya mana sana'a!" Wancan ya leƙo, wani ma ya leƙo, har da mai tura baro ya tsaya.

"Baba, in faɗa maka gaskiya? Mota yanzu ba ta kowa ba ce. In ba ka da kuɗin fitila, ka riƙa shiga gida kafin magariba. Ko ka sayar da ita ka hau A Daidaita Sahu, ka huta mu ma mu huta."

Suka kwashe da dariya. Maigidan shagon yana ciki a kan kujera, carbi a hannu, komai a kunnensa. Na ce, "Alhaji, kana jin abin da yaronka ke faɗa min?" Bai ko motsa ba. Ya ce, "Yi haƙuri Malam, yaran zamani ne. Amma dai gaskiya ba ma ɓare kaya." Wannan ta fi min ciwo a kan ta yaron. Dattijo da furfura a gemu, yana ji ana ci wa sa'ansa mutunci a ƙofar shagonsa, abin da ya dame shi kawai kada a ɓare masa kaya.

Ba roƙo na je ba. Da kuɗina na je, gumina ne, na tsufa ina koyar da 'ya'yan mutane. Laifina shi ne na nemi a gyara abin da yake gyaruwa. Naira 95,000 ta fi mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, wato naira 70,000. Ma'aikaci ya yi wata cur yana aiki, bai ci ba bai sha ba, bai kai kuɗin fitila ɗaya ta gwanjo ba, wadda ma ba a da tabbacin ba liƙi ba ce.

Kuma ba yau fitilar nan ta fara cin kuɗina da mutuncina ba. Akwai bakaniken da ya cire min ƙwai mai wat 55, wanda shi ne ƙa'idar motar, ya dasa mai wat 100 bai tambaye ni ba, wai don ta ƙara haske. Soket ya narke, ƙyallin kwanon ya ƙone ta sama ya yi duhu, hasken ya koma ƙasa da na da. Akwai wanda ya buɗe ta ya mayar da gam ɗin banza, damina na zuwa ruwa ya shiga, gumi ya rufe murfin ta ciki. Akwai masu goge murfi a bakin titi, su karɓi kuɗi su shafa mai, ya yi ƙyalli na 'yan kwanaki, rana ta doke shi ya koma ja fiye da yadda yake, domin sun kankare abin da ke kare robar daga rana ba su mayar ba. Ƙwai kuwa ba a magana. Kwali ɗaya, tambari ɗaya, kuɗi uku, sai a tambaye ka "orijina ko dama-dama ko na talaka?" Ka sayi orijinan, yaro ya damƙi gilashin ƙwan da hannu duk baƙin mai, alhali ko maiƙon yatsa yana rage masa kwana. In ya mutu ka koma, a ce maka wutar motarka ce ta yi yawa.

Ni dai na san yaron can ba shi ya ƙirƙiro wannan masifa ba, ya tarar da ita ne ya hau kai. Me ya sa yake da bakin ce wa mutum mota ba ta kowa ba ce? Saboda gwamnati ta riga shi faɗa a aikace. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a farkon 2024. Kowace fitila, kowane ƙwai, kowane fiyus da dala ake shigo da shi, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, ya bi ta kasuwar kayan mota ta Ladipo, ya iso Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, kowane hannu ya ɗora nasa. Albashi kuwa yana rarrafe.

Ƙasar nan ta taɓa haɗa mota. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara fitar da motoci daga Kakuri a Kaduna. A da akwai Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, manyan motocin Fiat a nan Kano. Wanda ya riƙe 504 ya san kayanta har a ƙauye ana samu, kuma fitilarta gilashi ce ta gaske, rana ba ta mayar da ita ja. Taya ma a gida ake yi, sai da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a 2007 da 2008. Yau a Sharaɗa da Challawa da Bompai ana narka roba ana yin buta da bokiti da kujera da silifa, amma a duk faɗin garin nan babu mai zuba 'yar robar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Wa zai sa jarinsa a injin da ba wutar da za ta juya shi? Wa zai yi gasa da kwantenar jabu da ke shigowa ba mai ce mata kanzil? Akwai hukumomin da aka kafa musamman don duba ingancin kayan da ake shigowa da su, ana biyan su albashi da kuɗinmu. To ta ina ƙwan da ke mutuwa cikin sati yake bi? Ta sama yake faɗowa?

Har wani abin ma da ba mai kula da shi. Tun 1972 aka yi canjin hannu a Najeriya, muka koma bin dama. Fitilar motar da aka ƙera don Ingila ko Japan, inda ake bin hagu, tana ɗaga haskenta ne ta ɓangaren hagu, wato daidai idon mai tahowa a titinmu. Irin waɗannan suna cikin gwanjon da ake jibge mana, ba mai tantancewa, mai sayarwa ma bai san da bambancin ba, shi dai in ta shiga ramin bamba shi ke nan.

Sannan ka fito titi da ido ɗaya, masu kaki su tare ka. Nan take an san doka, nan take an san sashe da tara. An bar jaki ana dukan taiki. Ramin da ya karya min robar yana nan, ya ƙara faɗi, ba wanda aka tare a kansa. Fitilun kan titin da aka kafa aka yi bikin buɗewa, rabi sun mutu, wasu an sace batiransu, ba wanda aka ci tara. Hanyar Abuja zuwa Kano tun 2018 aka fara aikinta, shekaru aka kwashe ana karkatar da motoci hannu ɗaya, mai zuwa da mai dawowa suna fuskantar juna cikin dare da ƙura. A irin wannan hanya fitila ba ado ba ce, rai ce. Tirela mai ido ɗaya ta taho, ka ɗauka babur ne, sai ka matso ka ga bango. Mutum nawa muka sallata saboda haka?

Mu kanmu kuma ba mu bar wa junanmu komai ba. Wanda ya samu kuɗi ya je ya ɗaura farin ƙwai mai kashe ido a kwanon da ba don shi aka yi ba, hasken ya watsu ko'ina. Wani ya ƙara doguwar fitila a kan bamba, ta daji, ya kunna ta a tsakiyar gari. Ka yi masa dim, ka sake yi, ya ƙi saukewa, domin shi dai yana gani, kai ka mutu. Lokacin hazo abin ya fi muni, ga 'yan makarantar dare da masu keke a gefen titi ba mai ganinsu. Babu mai saita fitila a jikin bango yanzu, aikin da bai fi minti goma ba, kuma babu mai tambayar ko an saita lokacin sabunta takardu. Kuɗin kawai ake karɓa a buga hatimi.

Su kuwa waɗanda ya kamata su gyara, ba su san akwai wata roba a cikin fitila ba. A 2023, ana tsakiyar wannan ƙunci, aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci sababbi, jaridu suka ruwaito kowace ɗaya ta kai wajen naira miliyan 160. Fitilunsu da kansu suke saita kansu. In ta fashe direba ne zai kai takarda ofis a sako sabuwa daga baitulmali. Ba za su taɓa tsayawa a gaban yaron shago da leda a hannu ba, ba za a taɓa ce musu su shiga gida kafin magariba ba, jiniya ce ma ke kore mu gefe mu faɗa ramin da suka ci kuɗin cikewa. Wanda duk ya sa hannu aka biya kwangilar titin nan aka bar shi haka, ni dai ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.