Ya shigo sahu, na janye ƙafata

Yau da asuba na yi abin da har yanzu yake cin raina. Wani bawan Allah da duk layinmu aka san shi da shan giya ya shigo masallaci ana tayar da iƙama, ya tsaya kusa da ni. Hannunsa na karkarwa, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin hunturun nan. Sai kawai na janye ƙafata daga tasa. Ba wanda ya lura, amma shi ya ji. Ana sallamewa ya zari takalminsa ya fice, ko addu'a bai tsaya yi ba.

Kunya ta sa na bi shi. Na same shi a bencin mai shayi, ya riƙe kofi da hannu biyu don kada ya zube. Ya ce da ni, "Malam, yau kwana biyu ban sha ba. Amma wallahi in magariba ta yi ban san inda zan zauna ba."

Jama'a, mu ji tsoron Allah. A mashaya mutumin nan yana da abokai, ana tashi a ba shi kujera, ana tambayarsa ya gida. Ranar da ya ce ya tuba, duk ya rasa su. Mu kuma da muke ta ce masa ya daina, me muka tanadar masa? In ya zo majalisa a yi tsit. In ya wuce a ce ga ɗan giya nan. In ya faɗi a kwata, yara su yi masa ature, manya su zaro waya su ɗauka a watsa a WhatsApp. Wasu iyayen kuma gidan mari ne maganinsu, a sa wa ɗa sasari a ce an gama. Sannan ya koma ruwa mu ce dama mun sani, mai hali ba ya fasa halinsa.

An taɓa kawo wa Manzon Allah (SAW) wani da ya sha giya, aka yi masa hukunci, sai wani ya ce Allah ya kunyata ka. Annabi ya hana, ya ce kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Ni yau da ƙafata na taimaki Shaiɗan. Astagfirullah.

Abin da ya fi ba ni takaici, wasu sun daɗe da gane wannan. A 1935, a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, mashaya biyu, ɗaya likitan tiyata ɗaya ɗan kasuwar hannun jari, suka lura cewa in sun zauna suna gaya wa juna gaskiya, ranar takan wuce ba su sha ba. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, yanzu ta bazu a duniya. Ba kuɗin shiga, ba a neman cikakken sunanka, abin da aka faɗa a zaman a nan yake tsayawa. Wanda ya daɗe da dainawa yakan riƙe sabon shiga, ya amsa wayarsa ko da tsakar dare ne. Ba sa ɗaukar alkawarin shekara, na yau kawai suke ɗauka. Mu da muka gaji gayya da adashi da zumunci, a ce mun kasa haɗa mutum uku a zaure saboda ɗan'uwanmu?

Kai ɗan'uwana da kake fama, kana karanta wannan a ɓoye, kada ka yi yaƙin nan kai kaɗai. Ka fara da asibiti. Wanda jikinsa ya saba da barasa, in ya yanke ta farat ɗaya, zai iya yin karkarwa, ya yi jijjiga, ya riƙa gane-gane, har ta kai ga rasa rai. Mu kuwa sai mu ce aljanu ne. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Ka tambayi likita ko ma'aikatan walwala ko akwai zaman waɗanda suka daina. In babu a kusa, ana yin irinsa ta intanet. In ka zame ka sake sha, washegari ka koma wurinsu, kada kunya ta hana ka.

Limamanmu, don Allah ku ba su aron ɗaki ko zaure sau ɗaya a mako, ba tare da an shelanta sunan kowa ba. Matan da ke rufa wa mazajensu asiri suna kuka a ɗaki, Allah ya saka muku, ku ma ku nemi wadda za ku gaya wa.

Na yi wa bawan Allahn nan da na janye wa ƙafa alkawari gobe da safe zan raka shi asibiti, bayan magariba kuma a ƙofar gidana zai zauna. Amma ni kaɗai ba zan iya kowane dare ba. Don Allah mutum biyu nake nema a unguwar nan, masu riƙe sirri. Don Allah.