Kullen korona da ƙafafun yaran da ba su isa asibiti ba

Da ƙarfe 11 na daren 30 ga Maris, 2020, dokar kulle ta fara aiki a Abuja da Legas, Ogun ta biyo baya a ranar 3 ga Afrilu, ba a sassauta ta ba sai 4 ga Mayu. Makarantu kuwa an riga an rufe su, yawancin ɗalibai ba su koma aji ba sai a Oktoba. An yi ta lissafin asarar 'yan kasuwa da ta karatu, amma ba a cika maganar yaran da suka karye a makonnin nan ba.

A Amurka da Ingila likitoci sun ga karayar yara ta ragu saboda an daina wasannin makaranta. Mu namu yanayin daban ne. Yaron da ke gidan haya a Nyanya ko Dei-Dei da ke Abuja ba ya zaman ɗaki. Zai hau katanga, zai hau bishiyar mangwaro, ga shi lokacinsa ne, zai buga ƙwallo a lungu mai kwata a buɗe. Abin da kulle ya tare shi ne hanyar asibiti.

Doka ta bar marar lafiya ya wuce, amma da wace mota? Babu tasi, ga shingen jami'an tsaro, ga aljihun uba ya bushe. Mazauna Mararaba da Suleja kuma, duk da suna dab da Abuja, a wasu jihohin suke, aka zo aka hana tsallaka iyaka. Asibitin koyarwa na Gwagwalada ya zama wurin killace masu korona, iyaye suna tsoron a kai yaro da karaya a dawo da cuta. Sai aka nufi mai ɗori na unguwa.

Ba na raina masu ɗori. Suna kusa, suna da sauƙi, suna karɓar abin da ya samu. Amma ƙashin yaro ba irin na babba ba ne. A ƙarshen dogayen ƙasusuwa, kusa da gwiwa da idon sawu, akwai wani wuri mai taushi, daga nan ƙashi ke ƙara tsawo. In karaya ta ratsa wurin, hannu ba ya iya tantancewa, sai an ɗauki hoto. Yaro zai warke, ya tashi da gudunsa, a yi hamdala. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a ga ƙafa ɗaya ta gaza ɗaya, ko ta fara karkata. Ƙashin yaro kuma yana saurin haɗewa, jinkirin mako biyu ko uku ya isa ya kama a karkace.

Mafi muni shi ne ɗauri mai tsanani. An jera karare, an tamke da tsumma, ƙafa na kumbura ba ta da wurin buɗawa, jini ya daina gudu. Yaro na kuka dare da rana, yatsu sun yi sanyi, sun sauya launi, ana ce masa ya daure, ɗorin ne ke kamawa. Irin wannan ne ke kai wa ga yanke ƙafa.

Shi ya sa nake ganin duk wata dokar hana fita nan gaba, ta annoba ko ta rikici, dole ta zo da motar ɗaukar marasa lafiya a kowace unguwa, da umarni ƙarara ga masu shinge cewa yaro mai rauni ba ya jira. Hukumar lafiya ta Abuja kuma ta zauna da masu ɗori, ta koya musu alamomin da za su ce wa uba, wannan ba nawa ba ne.

Iyayen da ɗansu ya karye a 2020, su tsayar da shi ba takalmi su duba. In yana ɗingishi, ko ƙugu ya karkata, ko takalmi ɗaya ya fi cinyewa, a kai shi wurin likitan ƙashi tun bai gama girma ba, domin gyaran ya fi sauƙi a lokacin.