Katifar da ke jingine a sito

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Makon jiya na shiga sito neman bargunan yara saboda sanyin da ya fara sauka, sai na ci karo da katifa jingine da bango. Shekara uku ke nan da aka ajiye ta, tun da muka sauya kayan ɗaki, kuma ranar da aka shigar da ita lafiyarta ƙalau. Da na janyo ta sai na tarar ɓera ya yi gida a ciki, gefen da ke ƙasa kuma danshin damina ya baƙanta shi, sai wari take yi. Wallahi jikina ya yi sanyi, domin a soron gidanmu akwai almajirai huɗu da suke kwana a kan kwali, kullum da asuba ta gabansu nake wucewa zuwa masallaci.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah (SAW) ya ce shimfiɗa ɗaya ta miji ce, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, ta huɗu kuwa ta Shaiɗan ce. Malamai suka ce ana nufin wadda ta wuce buƙata, aka tara don alfahari. Shi kansa fiyayyen halitta, Nana A'isha ta ce shimfiɗarsa fata ce da aka cusa wa zaren dabino. Mu kuwa a ƙirga zannuwan gadon da ke cikin akwati tun na aure, ba a taɓa warware su ba.

Sai dai a kula da abin da za a bayar. Bara'u ɗan Azib ya ce mutanen Madina sukan rataye dabino a masallaci don Ahlus Suffa, wato matalautan sahabbai da ke zaune a masallacin, su ci, wasu kuma sai su kawo busasshe marar kyau. A kan haka aya ta 267 a Suratul Baƙara ta sauka, tana hana mu zaɓar mummuna mu bayar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. To katifar da kuɗin cizo ya cika, ko wadda fitsarin yara ya ratsa har cikin soso, idan ka tura ta gidan talaka ciwo ka kai masa. Kuɗin cizo a ɗinki da gefe-gefe yake ɓuya, idan ya shiga ɗaki kuma fitar da shi aiki ne. Hajiya, kafin ki ce a kai, ki buɗe ɗinkin ki duba. A cire rigar a wanke da ruwan zafi, a shanya soson a rana, idan da hali a kai wa tela ya ɗinka sabuwar riga. Bargo da zanin gado a wanke a ninke, a kai da daddare ba tare da an tara wa mai karɓa ido ba.

Masu buƙata suna kusa: gwauruwar da ke riƙe da marayu, mai gadi, masu jinya da ke kwana a barandar asibiti. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, mutanen Maiduguri da yawa da tufafin jikinsu kaɗai suka fita.

Katifar da ta mutu murus kuma kada a cinna mata wuta, hayaƙin soso guba ne ga ƙirji, kada kuma a jefa ta kwata ta toshe hanyar ruwa. Masu kujerun kushin da masu filo suna karɓar soso su yayyanka.

Tawa can na kai ta, rabinta kawai ya moru. Da yamma na ɗauki tabarma biyu da barguna biyu daga cikin namu na kai soro. Ƙaramin cikin almajiran ya karɓa ya rungume, bai ce komai ba. Allah Ya yafe mini waɗancan shekaru uku.