Nasiha ga 'yan uwana ma'aikata: kujerar ofis tana cin mu a hankali

Assalamu alaikum. 'Yan uwana ma'aikatan Kano, musamman ku matasan da kuka kama aiki ba da jimawa ba, kowa ya tambayi kansa taku nawa yake yi daga asuba zuwa isha'i. Ka fito daga gida a Hotoro ko Rijiyar Zaki, adaidaita sahu ko motarka na jiran ka a ƙofa. A sauke ka a bakin Sakatariyar Audu Bako, ko banki, ko wani kamfani a Bompai. Ka zauna gaban kwamfuta. Fayil masinja zai kai, abinci masinja zai sayo, ruwan leda ma yaro ake aika. In an kira azahar ka taka zuwa masallacin cikin harabar ofis, ka dawo ka zauna. Da yamma sai majalisa, a sake zama a kan benci, waya a hannu. A haka tumbi zai fito, a fara ce maka "Alhaji, lallai hutu ya karɓe ka", kai kuma kana washe baki.

Wallahi ba hutu ba ne. Hawan jini ba ya sallama in zai shigo. Mutum yana iya shekaru jininsa na sama da 140 bisa 90, yana cin tuwonsa yana zuwa aiki, ko ciwon kai bai taɓa ji ba, sai ranar da aka wayi gari bakinsa ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa. Ciwon suga ma haka yake lallaɓowa. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ya ga yadda shanyewar ɓarin jiki ke mayar da magidanci abin tausayi, ga kuɗin magani ya cinye ɗan abin da aka tara.

Tun a 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan bas-bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke yini, hayaƙi ɗaya suke shaƙa, amma direba a zaune yake, kwandasta kuwa hawa yake yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin, in ya kama su kuma ya fi saurin kai su kushewa. Da ya duba ma'aikatan gidan waya, masu yawon raba wasiƙa sun fi akawunan da ke zaune lafiyar zuciya. To ku duba ofishinmu. Baba masinja da muke aika sama da ƙasa yini guda, ta wannan fuskar ya fi Yallaɓai darakta riba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga amma kana iya magana, tare da abin da zai ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Minti talatin sau biyar ya cika mafi ƙarancin ke nan. A 2024 hukumar ta bayyana cewa kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya ba sa kaiwa ko wannan.

Duk wannan kun sha ji a rediyo. Ba sani muka rasa ba, ɗorewa muka rasa. Mutum zai ji tsoro bayan wani abokin aikinsa ya faɗi, ya je Ƙofar Wambai ya sayo takalmin gudu na gwanjo, ya fita bayan asuba yana haki shi kaɗai. Kafin wata ya ƙare takalmin ya koma ƙarƙashin gado, domin babu wanda zai tambaye shi in bai fito ba. Ga kuma kunya: dattijo da gemunsa yana sassarfa a layi, yara na dariya, maƙwabta na tambaya ko lafiya.

Shi ya sa nake ba ku shawarar ku yi abin a ƙungiyance, a wurin aiki, da mutanen da dole ku gan su kullum. Ku dubi adashin ofis. Ma'aikacin da ba zai iya ajiye naira dubu biyar a aljihunsa ta kwana uku ba, shi ne zai shekara yana zubi bai taɓa fashi ba, saboda ya san uwar adashi za ta biyo shi har teburinsa, kuma kwasar wani ta rataya a kan zubinsa. Nauyin idon jama'a yana sa mu yin abin da niyya kaɗai ta kasa. A aro wannan a kai shi ga lafiya. A raba ma'aikata rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida, kowane rukuni da mai tattara lissafi. Yawancin wayoyin hannunmu ana iya sa musu manhajar ƙirga taku. Kowa ya tura adadinsa a zauren WhatsApp da daddare, ranar Juma'a a haɗa na rukuni a sanar. Wanda ba shi da babbar waya ya faɗi mintin da ya yi yana tafiya, a yarda da maganarsa. Eh, za a samu wanda zai ba ɗansa wayar ya yi ta zagaya tsakar gida da ita. A yi masa dariya a wuce, kansa ya cuta.

Amma ga inda na fi so ku saurare ni. An yi wani bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka a kan ma'aikata kusan dubu biyar, aka buɗe wa wasu shirin kula da lafiya a wurin aiki, aka bar wasu. Abin da ya fito fili shi ne waɗanda suka ruga suka shiga shirin dama can su ne masu lafiya, masu motsa jiki, waɗanda ba su cika kashe kuɗin asibiti ba. Masu buƙatar abin na gefe suna kallo. Haka zai faru a ofishinku in ba ku yi hattara ba. Samarin da dama suke buga ƙwallo a filin Mahaha kowace Lahadi za su haɗa kansu rukuni ɗaya, su cinye gasar a makon farko, su yi ta ɗora hotuna. Hajiyar sashen kuɗi mai ciwon gwiwa da Malam akawu mai shekara hamsin da biyar za su ga ba sa'arsu ba ce, su janye, alhali dominsu aka fi buƙatar shirin.

Don haka kada a bar kowa ya zaɓi abokansa. A gauraya: matashi da dattijo, mai tumbi da siriri, direba da darakta. Kada a ba da maki a kan wanda ya fi yawan taku, a ba da shi a kan wanda ya ƙara a kan na makon jiya, da rukunin da babu wanda ya yi fashi a cikinsu. Mutumin da ya tashi daga taku dubu biyu zuwa dubu huɗu ya yi aikin da ya fi na saurayin da dama dubu goma sha biyu yake yi. Ita kanta maganar taku dubu goma a rana da ake ta yayatawa, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ta samo asali a Japan cikin shekarun 1960, ba wahayi ba ce, kuma bincike ya nuna ana fara samun amfani tun ƙasa da haka sosai. Idan makin rukuni ya dogara da mai rauni, za ka ga saurayi da kansa yana zuwa teburin dattijo yana cewa "Baba, tashi mu ɗan zagaya kafin la'asar." Wannan shi ne abin da ake nema.

A kiyaye mutuncin mutane. Kada a kafa sikeli a tsakiyar ofis ana auna nauyi ana shewa, kada a manna sunan na ƙarshe a allon sanarwa. Wanda aka muzanta sau ɗaya ba zai dawo ba. 'Yan uwa mata su yi rukuninsu in sun fi so haka, da hijabinsu, a cikin harabar ofis ko wani ɗaki da aka ware musu, kuma kada wani ya ɗauki hotonsu ya kai Facebook. A tuna kuma matar da za ta shirya yara makaranta ta ɗora sanwa ba ta da wata safiyar fita Filin Sukuwa. In ba a cikin lokacin aiki aka ba ta dama ba, an cire ta ke nan ba a faɗa ba. Masu cewa wannan bai dace da kamala ba, su tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka.

Ranku ya daɗe shugabannin ma'aikatu, ku ma da ku nake. Ba kwamiti muke roƙo ba, ba riguna masu tambari ba, ba bikin ƙaddamarwa da alawus da 'yan jarida ba. Mun san yadda irin wannan ke ƙarewa: a ci shinkafa, a raba hula, shi ke nan. Minti ashirin muke so sau uku a mako a cikin lokacin aiki, da na'urar awon jini guda ɗaya a ofis, da ku kanku a cikin sahu. Ranar da ma'aikata suka ga Yallaɓai ya tuɓe babbar riga ya bi matakala ya bar lifta, babu wanda zai ƙara jin kunya.

Abu ɗaya da nake jin tsoro shi ne wasan ƙwallon shekara-shekara, irin wanda ake haɗawa don Ranar Ma'aikata. Mutum ya shekara ashirin bai yi gudu ba, rana ɗaya a sa masa riga mai lamba tara a tura shi fili da tsakar rana. Targaɗe shi ne mafi sauƙin abin da zai iya samun sa. Duk wanda ya haura arba'in, ko yake da hawan jini, suga ko asma, ya ga likita tukuna, ya fara da tafiya. Mai jin ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi ya tsaya nan take a kai shi asibiti, ba a ce masa ya daure ba.

Yanayin garinmu ma sai an yi masa dabara. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, sai dai sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa a hannu. Da hunturu in ƙura ta yi yawa a koma barandar ofis da matakala, mai asma ya rufe hanci. Da azumi a sassauta, tafiya zuwa tarawihi a masallaci mai ɗan nisa ta wadatar. Ranar Asabar rukunin da ya ji ƙarfi ya haɗu a gindin Dala a hau tare, wanda ya gaji ya huta a jira shi. Sai dai in an sauko, don Allah kada a zarce wurin mai shayi a ce a zuba madara gwangwani guda da suga cokali biyar, a bi da lemon kwalba.

Ku matasa ku za ku fara, tunda ku kuka iya wayar. Ranar Litinin ka samu mutum huɗu a sashenku, ka tabbata biyu daga ciki sun girme ka, ka sa musu manhajar da hannunka, ku tsayar da lokaci bayan azahar. Makon farko kada ku yi gasa da kowa, ku dai rubuta inda kowa yake.