Ganuwar Kano a kan teburin ɗakina

Tun da na sanya hoton ƙaramar ƙofar gari da na gina a kan tebur, 'yan uwa da abokan arziki suke ta tambayata amfanin da magidanci zai samu idan ya zauna yana yanka soso yana shafa fenti. Tambayar ba ta ɓata mini rai ba, domin abin baƙo ne a wurinmu, shi ya sa na ga ya dace in yi bayaninsa, in kuma faɗi abin da nake ganin mu Kanawa za mu iya yi da shi.

Ƙofar na gina ta ne don wani wasan yaƙi da ake yi a kan tebur, galibi mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4. Ana ƙawata teburin da tuddai da koguna da itatuwa da gidaje, sannan mutum biyu kowa ya jera rundunarsa ta ƙananan sojoji, a riƙa auna tafiyarsu da tef, a jefa ƙwaya mai fuska shida irin ta lido don a san yadda karo ya kaya, ba tare da an sa ko sisin kwabo ba. Asalinsa daga barikin soja ne. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya, a Jamus ta yau, mai suna Reisswitz ya gyara wasan da mahaifinsa ya ƙirƙira, aka karɓe shi don koya wa hafsoshi dabarun yaƙi. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya wallafa dokokin yin sa a gida, yau kuma kamfanin Games Workshop da ke birnin Nottingham a Ingila, wanda ya fitar da wasan Warhammer a 1983, shi ne ya fi kowa suna a harkar.

Ni dai abin da ya riƙe ni shi ne ginin filin, ba karon rundunoni ba. Ra'ayina kuwa shi ne bai kamata mu kashe kuɗi muna odar cocin roba da gidajen Turai daga waje ba, alhali muna zaune a birnin da aka fara kewaye shi da ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15.

Ƙofata ta farko da jar ƙasa na gina ta, na kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa kamar yadda magina suke yi, amma hunturu yana kamawa ta tsattsage, ga nauyi da ya hana a ɗaga ta. Yanzu farin soson nan da ake tokare firji da shi a cikin kwali nake yankawa da reza, in shafe shi da farin gam na kafintoci, in barbaɗa masa jar ƙasar da na tankaɗe da rariya sau biyu, in bar shi ya kwana. Fentin ruwa kawai nake sa masa, domin fentin feshi cinye soson yake yi nan take. Idan ya bushe sai in ɗauki buroshin da na goge fentinsa a tsumma har ya kusa ƙarewa, in riƙa shafawa a hankali a kan kunya-kunyar bangon, sai ka ga sawun da ruwan damina yake bari a jikin katanga ya fito.

A nan ne na gane cewa wanda zai ƙanƙanta abu dole ya kalle shi da kyau. Na girma ina wuce ganuwa a hanyar Kabuga, amma sai da na tashi ginata na lura cewa gindinta ya fi kanta kauri nesa ba kusa ba, tana tafiya tana sirancewa. Sojojin wannan wasa da aka fi amfani da su tsayinsu milimita 28 ne, wato an rage mutum kusan sau 56. Turawan da suka ci Kano a watan Fabrairun 1903 sun rubuta cewa ganuwar ta kai ƙafa 30 zuwa 50, ke nan ko a inda ta fi gajarta sai na ba ta kusan santimita 16. Ranar da na ajiye ɗan katako mai tsayin soja a gindinta, jikina ya yi sanyi, domin na ga girman aikin da kakanninmu suka yi da tubali da kwando, na kuma tuna yadda ake haƙar ƙasarta ana gini a kanta yau.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, wato ta sassaƙa surar mai rai, wadda da yawa daga cikinmu suke ƙyamata saboda addini, kuma ina girmama hakan ƙwarai. Hukuncin na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Abin da zan iya faɗa shi ne wasan bai dogara da mutum-mutumi ba, domin a wancan na 1824 ƙananan tubala ne masu launin ja da shuɗi suke wakiltar rundunoni, ni ma katako nake yankawa in rubuta 'yan lifida ko maharba a jiki. Da hakan ɗana ya fara tambayata mene ne lifidi, na ba shi labarin Sarki Kanajeji, wanda tarihin Kano ya ce shi ne ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali, ranar Asabar kuma muka tafi Gidan Makama.

Hannun wannan aiki muna da shi tuntuni, domin duk wanda ya yi motar kara ko ta langalanga a ƙuruciya ya san awo da haƙuri. Aikin da ke gabana yanzu shi ne Ƙofar Kabuga da ramin da ke bayan ganuwa, kuma ina roƙon duk wanda yake da tsohon hoton ƙofar kafin a sake gina ta da ya taimaka ya turo mini, musamman wanda ya nuna gefenta.